Wa Ya Kashe Tankar Ruwanmu?

Duk wanda ya yi bazarar bara a ɗakunan kwanan ɗalibai bai manta da makonnin nan da ruwa ya ɗauke, tankar da ke kawo mana ɗauki kuma ta kwanta ba. Mun yi layi da bokitai a bakin rijiyar burtsatse ɗaya tak, mun ƙarar da kuɗin abincinmu wurin 'yan garuwa, wasunmu ma sun shiga jarrabawa ba wanka. Ƙungiya ta kira taro, aka yi jawabai masu zafi, aka rubuta takardar koke. A wannan taro an zagi direba, an zagi ɗan kwangilar da ya kawo motar, an zagi kamfanin da ya ƙera ta, har Turawan mulkin mallaka sai da suka sami rabonsu. Amma ba wanda ya miƙe ya tambayi abin da ya sami motar, alhali kuwa mota ce da ba ta cika shekara uku a hannunmu ba.

Bayan kwana biyu mu kaɗan muka tafi garejin da aka ja ta, can bayan kasuwar 'yan ƙarafa. Muka tarar da wani dattijon bakanike, irin waɗanda suka ƙware a aikin injekta kaɗai, ba ruwansu da birki ko giya. Da muka gaisa muka ce, "Baba, mun zo duba mara lafiya ne." Ya yi murmushi ya ce, "Samari, ai kun makara, sai dai ku yi gaisuwar mutuwa." Sai ya kwance wani ɗan bawul daga saman famfon mai, ya ɗaga shi a hasken rana. A jikin 'yar ragarsa akwai wani abu mai ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Ya ce wannan garin ƙarfe ne, famfon ne ya ci kansa, garin kuma ya riga ya bi mai ya shiga bututu, ya shiga nozul duka, ragowar ya koma tanki. Sa'an nan ya ɗauko wata kwalba da ya zuba man da ya zuƙo daga gindin tankin. Ruwa ya kwanta a ƙasa kamar kaurin yatsa, da laka a ƙarƙashinsa, man da ke sama kuwa warin kananzir yake yi. Daga ƙarshe ya farke filtar mai da wuƙa, ya nuna mana cikinta. Gwangwanin yana ɗauke da sunan sanannen kamfani, amma takardar da ke ciki ba ta fi ta littafin rubutun 'yan firamare kauri ba.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne motar nan ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma da alƙalami aka fara kashe ta tun kafin a kai ga bakin tanki. Tun da yake alƙalamin nan hannunmu zai faɗo gobe, wasunmu ma ya riga ya faɗo, ya kamata mu san yadda kisan yake aukuwa.

Iyayenmu direbobi da wata irin mota dabam suka saba. Marsandi 911, wadda aka riƙa haɗawa a Inugu bayan buɗe kamfanin ANAMMCO a 1980, da takwarorinta, watau Steyr ta Bauchi da Fiat ta Kano da Leyland ta Badun, duk famfon mansu ɗan gado ne, jikan wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙerawa da yawa a 1927. Ƙananan fistin ne jere a layi, ɗaya ga kowace silinda, sandar da ke tura su kuwa cikin baƙin mai take wanka, ba cikin man gas ba. Irin wannan famfo yana da haƙuri irin na jakin fatake. In aka ba shi mai mai datti yakan ji jiki, amma a hankali: hayaƙi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, tashin safe ya yi wuya, sai a cire shi a kai wa masu injin gwaji a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, su sake masa 'yan kayan ciki, su daidaita shi, ya koma aiki. Daga nan ne maganar nan ta samo asali da har yanzu ake ji a tasha, wai injin gas ba ya zaɓen abinci.

To, wannan magana ta tsufa. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya sa wani sabon tsari a manyan motocin Hino, a 1997 kuma Bosch ya kawo irinsa cikin ƙananan motocin Turai. Shi ne kanikawa ke kira komon rel. A wannan tsari famfo ɗaya ne ke matse mai cikin wani bututun ƙarfe mai kauri wanda dukan silinda ke sha daga gare shi, kwamfuta kuma ita ke buɗe kowace nozul, sau da yawa cikin bugu ɗaya na fistin. Matsin da ke cikin bututun yakan kai bar 2,000. Don mai karatu ya gane girman wannan, iskar da ke cikin tayar babbar mota ba ta wuce bar 8 ko 9 ba. Kafin ƙarfe ya riƙe irin wannan matsi ba tare da yoyo ba, tilas a gogi sassansa su haɗu da juna har ratar da ke tsakaninsu ta zama maikiron biyu ko uku kacal, alhali silin gashin kan mutum yakan kai maikiron 70. Amfanin abin a fili yake: mota ta fi ƙarfi, ta rage shan mai, ta rage hayaƙi. Amma akwai sharaɗi. A galibin motocin a-kori-kura da matsakaitan motocin kaya na zamani, famfon ba ya ganin baƙin mai ko ɗigo. Man gas ɗin da yake turawa shi ne maiƙonsa, shi ne kuma ruwan sanyaya shi. Ranar da man ya rasa santsi, ko ruwa ya maye gurbinsa, ko iska ta shiga, ƙarfe ne zai hau kan ƙarfe tsirara, sau dubbai cikin minti ɗaya.

Kada wani ya zaci wannan ciwo na ƙasashe matalauta ne kawai. Inda ya fi yin suna a duniya ma Amurka ce. Akwai wani famfo na Bosch mai suna CP4, wanda kamfanin Ford ya fara sawa a manyan a-kori-kurarsa masu injin Power Stroke daga samfurin 2011, General Motors ya sa a injin Duramax daga 2011 zuwa 2016, motocin Ram masu injin Cummins kuma suka ɗauke shi a samfurin 2019 da 2020. A cikinsa akwai sanda mai tozo biyu tana juyawa, bisa kanta kuma wata 'yar rola ta ƙarfe tana gangarawa tana ɗaga fistin. Muddin akwai siririn mai tsakanin rolar da tozon, lafiya lau. In ya yanke, rolar ta daina gangarawa ta koma ja da gindi, wani lokaci ma mazauninta ya karkace ta gicciye, sai ta shiga kankare sandar kamar yadda ake goga rogo. Babban aibin kuwa shi ne man da ya wanke wannan ɗaki na ƙasa shi ne yake hawa sama ya shiga ɓangaren matsi. Saboda haka famfon in ya mutu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja nozul da bututai da tanki. Gyaran da ake yi ke nan na sake kusan kome daga tanki zuwa inji, wanda a can yakan ci dala dubu takwas zuwa goma, ko fiye.

Masu motoci suka kai ƙara kotu. Hujjarsu ita ce an tsara famfon ne da man Turai, na Amurka kuwa ya fi bushewa. Akwai gwajin da ake yi wa santsin man gas: a tsoma 'yar ƙwallon ƙarfe cikin man, a goga ta a jikin wani faifan ƙarfe har minti 75 a zafin digiri 60, sa'an nan a auna tabon da ya fito mata. Ƙa'idar Turai ba ta yarda tabon ya wuce maikiron 460 ba, ta Amurka kuwa ta bari har 520. Kamfanonin su kuma sau da yawa sukan ɗora laifin a kan gurɓataccen man da mai mota ya sha. Ko ma wa ke da gaskiya, General Motors ya bar wannan famfo ya koma na Denso daga samfurin 2017, a Nuwamban 2021 kuma aka kira motocin Ram kimanin 222,000 su dawo a sake musu famfo kyauta.

Jama'a, a lura da kyau. Bambancin maikiron sittin a jikin tabo, abin da ido ba zai rarrabe ba, shi ake ta shari'a a kansa a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji da hukumomi masu haƙora. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Mu dubi hanyar da namu man yake bi kafin ya isa inji. Daga daffo ya shiga tankar da wataƙila jiya fetur ko kananzir ta ɗauko. Daga nan ya sauka cikin tankin ƙasa na gidan mai, wanda ba mai iya tuna ranar da aka wanke shi, ruwan damina kuma yana samun hanyarsa ta bakin murfi. Daga nan, a ma'aikatu da yawa, ya koma duro, ya koma jarka, ya bi ta mazurarin da ke yashe a ƙasa tun jiya. Da hunturu kuwa ga hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ƙura mai laushi kamar garin bula, wadda ƙwayoyinta da yawa suka yi daidai da ratar nan da muka ambata, su ne kuma suka fi ɓarna, domin suna iya kutsawa ciki su yi ta gurza. Ƙa'idar Turai ta ce ruwan da ke cikin man gas kada ya wuce kashi 200 cikin miliyan. Kwalbar dattijon nan kuwa ba ta bukatar ma'auni.

Wannan duk ganganci ne. Akwai kuma mugunta. A shekarun da gwamnati ke biyan tallafin kananzir, kafin a janye shi a 2016, surka man gas da kananzir sana'a ce mai riba, kananzir kuwa ba shi da santsin da famfo ke bukata. Da wannan ƙofa ta ƙuntata sai man matatun daji na yankin Neja Delta, wanda ake dafawa a duro ba awo ba gwaji, ya sami kasuwa. Da farashin man gas ya ninka fiye da sau biyu a 2022, duk mai neman araha ya san inda zai same ta, ya kuma san abin da Hausawa suka ce game da araha.

Akwai wani abu a nan mai ɗan ɗaure kai, wanda muke so masu karatun kimiyya su yi mana tunani a kansa. Shekaru da yawa man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma cike yake da farar wuta. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa cewa 'yan kasuwar Turai suna haɗa mana mai na musamman wanda farar wutarsa ta ninka abin da dokarsu ta yarda da shi sau ɗaruruwa. A Disamban wannan shekara Nijeriya da Gana da Binin da Togo da Kwaddibuwa suka yi alkawarin saukowa zuwa kashi 50 cikin miliyan, a 2020 kuma ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince da wannan ƙa'ida ga yankin baki ɗaya. Abin murna ne, gama farar wuta tana cin huhun mutane, tana kuma cin inji. Sai dai aikin da ake yi a matata don cire ta yakan tafi da wasu sinadaran da ke ba man santsinsa na asali. Ƙasar Suwidin ta ɗanɗana wannan a farkon shekarun 1990, lokacin da ta fito da tsabtataccen mai famfuna suka yi ta lalacewa, sai da aka koma ƙara masa maganin santsi. Watau yayin da manmu ke tsabtata, ciwon Amurka yana matsowa kusa da mu. Ba cewa muke yi a koma wa ƙazamin mai ba, Allah ya kiyaye. Cewa muke yi hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa don sa ido a wannan fanni, ta riƙa auna santsi da ruwa da datti a bakin famfon gidan mai, ba a tashar jirgin ruwa ko ƙofar matata kawai ba, ta kuma buga sakamakon inda direba zai gani.

Amurkawa, bisa al'adarsu, sun mai da matsalar kasuwa. Akwai 'yan kayan da ake sayarwa a ɗaura wa famfon, waɗanda ke raba hanyar mai gida biyu: tsabtataccen mai daga filta ya wuce kai tsaye zuwa ɓangaren matsi, wanda ya wanke ɗakin ƙasa kuma ya bi ta wata filta dabam ya koma tanki. Dabara ce mai kyau, kuma duk ma'aikatar da ke da mota mai irin wannan famfo ya kamata ta nema. Amma a fahimta, ba ta hana famfon mutuwa, tana dai hana shi tafiya da 'yan rakiya. Wasu sukan ƙara ɗan famfon lantarki kusa da tanki don kada babban ya yi ta zuƙo mai da wahala yana haɗiyar iska, wasu kuma su cire CP4 ɗin ɗungum su sa yayansa CP3, wanda ya fi juriya. Mun san halinmu: da zarar an ji akwai na'urar da za a sayo daga waje, nan da nan za a buɗe fayil, a kafa kwamiti, a ba da kwangila. Sa'an nan a ɗaura na'urar, a ci gaba da zuba mata man jarka.

Abin da zai tsare famfo a ƙasar nan ba ya bukatar fayil. Duron mai in ya iso a bar shi ya kwana ya wuni kafin a taɓa shi, don ruwa da datti su kwanta, a kuma zuƙa daga sama, kada tiyo ya taɓa gindi. Kada a ajiye man gas a mazubi mai rufin tutiya, irin na kwanon rufi, domin man yakan narkar da tutiyar ta je ta toshe nozul. A ƙarƙashin filta ta farko akwai ɗan kofi mai tara ruwa, da ɗan makunni a gindinsa. Buɗe shi da safe bai kai minti ɗaya ba, amma mun tambayi direbobi uku a harabar nan, ɗaya ne kaɗai ya san amfaninsa. A cika tanki da yamma, don kada raɓa ta taru a jikinsa cikin sanyin dare. Kada a yi ta tuƙi har mai ya ƙare ƙaf. In an sake filta kada a cika ta da man jarka don a huta da fitar da iska, gama wannan man ya tsallake tacewa ke nan. A bi hanyar da littafin motar ya faɗa, da famfon hannu ko da murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Tsohuwar dabarar nan ta tsiyaya baƙin mai cikin tanki wai don a ƙara santsi, a bar wa 911 abarta. In kuwa aka yi kuskure aka zuba fetur, to kada ma a murɗa makullin, a ja motar a juye tankin. Ga kuma gwaji mai arha ga duk mai karɓar mai a sito: lita ɗaya ta man gas takan yi nauyin giram 820 zuwa 845, ta kananzir kuwa wajen 800, ɗan ma'aunin gilashi da ake tsomawa cikin kwalba zai tona asirin wanda aka surka da yawa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mai takardar firamare. Me ya sa ba a yi? A nan ne maganar ta dawo kanmu. Direban gwamnati shi ne ƙarshen layi, shi ake gani da tiyo a baki, shi ake kora. Ba mu wanke shi ba. Amma wa ya sa hannu a baucar da ta ce an sayi filta ta asali, alhali jabu aka kawo a kan rubu'in kuɗin? Wa ya ba da kwangilar mai ga wanda ba shi da gidan mai, ba shi da daffo, sai dai yana da ɗan'uwa a ofis? Wa ya soke kuɗin sabis daga kasafi don a sayi labule da kujeru, yana cewa ai motar sabuwa ce? Ba direba ba ne. Mai digiri ne, irinmu, wanda ya zauna a ajin da muke zaune, mai yiwuwa ma ya taɓa yin jawabi mai zafi a taron ƙungiya. A tsarin aikinmu, wanda ya kashe 'yan kuɗi kaɗan ya tsare mota ba mai yaba masa, domin ba abin da ya faru. Wanda ya bari ta mutu kuwa shi ke samun damar rubuta takardar neman sabuwa, tsohuwar kuma a yi gwanjonta a ɓoye, bayan wata biyu ka gan ta a hanya da sabon fenti. Duk wanda ya taɓa zagayawa bayan sakatariyar wata ƙaramar hukuma ya ga maƙabartar: motocin asibiti da na kwasar shara da na rigakafi, jikinsu garau, tayoyinsu sun nutse cikin ƙasa, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsu.

Daɗin daɗawa akwai girman kai. Ɗan boko yana jin kunyar a gan shi ya sunkuya gaban inji, yana ganin ilmin bakanike ba ilmi ba ne. Dattijon nan bai taɓa jin sunan gwajin ƙwallon ƙarfe ba, amma ya murza man tsakanin yatsunsa biyu ya ce mana, "Wannan ba shi da jiki." Abin da injiniyoyin Jamus ke aunawa da madubin ƙara girma ke nan. Sashenmu na injiniya yana da ɗakin gwaji, garejin jami'a kuma bai fi tafiyar minti goma daga ƙofarsa ba, amma ba mu taɓa jin an ɗebi man tankar nan an kai an duba ba.

Wani abokinmu ya ce mafita ita ce a daina sayen motoci masu kwamfuta, a nemo masu tsohon famfo waɗanda suka san halinmu. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ga motar da za ta yi aiki a ƙauyen da ba gidan mai sai na 'yan bumburutu, mu ma abin da za mu zaɓa ke nan, muddin ana samunta. Amma masu ƙera irinta suna ta raguwa, domin dokokin hayaƙi na ƙasashen da ake ƙera motoci sun rufe mata hanya, motocin Kwatano da ke shigo mana kuma na wancan zamani suna ƙarewa. Abin da ya fi dacewa shi ne jami'in da zai sa hannu a takardar saye ya tambaya tun farko: wane irin famfo ne a ciki, da me yake samun maiƙo, filtarsa maikiron nawa take tarewa, a ina ake samun ta asali a garin nan, wa kuma ke da injin gwada nozul ɗinta? In ɗan kwangila ya kasa amsawa, a ajiye alƙalami.

Saboda haka muna kira ga majalisar ƙungiya, a zamanta na gaba, ta nemi hukumar jami'a ta yi abu uku game da tankar da aka ce za a gyara. A ajiye littafi a cikin motar, wanda za a riƙa rubuta ranar da aka sha mai da inda aka sha da ranar da aka sake filta, sakataren walwala na ƙungiya kuma ya sami ikon duba shi kowane wata. A riƙa ajiye tsohuwar filtar da aka cire a sito, da kwanan wata a jikinta, har mai binciken kuɗi ya gani. Sa'an nan 'yan ajin ƙarshe na sashen injiniya su riƙa ɗibar man duk da aka kawo suna gwadawa, a lissafa musu shi cikin aikin makinsu. Mun kuma roƙi dattijon ya faɗa wa duk wanda ya zo da kuɗin gyara cewa sake famfo kaɗai ba zai yi ba, sai an sauke tanki an wanke, an sake bututai da nozul, in ba haka ba garin da ya rage zai gama da sababbin kayan kafin damina. Ya ce zai faɗa, amma an riga an aiko masa cewa kuɗin famfo kawai aka amince da su. Kwalbar man da bawul ɗin suna ofishin wannan mujalla, a kan tebur na biyu daga ƙofa, ga duk ɗan majalisar da ke son gani da idonsa kafin ranar zaman.